Yaya lissafi yake hango yaɗuwar ƙyanda?

Tambaya: Ni malamar asibiti ce a Maraɗi. Kowace shekara, da rani ya shigo sai mu ga yara masu ƙyanda sun ƙaru, kuma ina jin ana cewa masana suna lissafa yadda annoba za ta bazu. Wane irin lissafi ne wannan? Kuma don me cutar ke dawowa alhali yawancin yara sun samu allura?

Amsa: Malama, sannu da aiki. Tushen lissafin ba shi da wuya. A shekarar 1927 wasu masana biyu ƴan Sikotland, Kermack da McKendrick, suka kasa mutanen gari gida uku: waɗanda cuta za ta iya kamawa, waɗanda ke ɗauke da ita suna yaɗawa, da waɗanda suka warke ko aka yi musu rigakafi. Ana kiran tsarin SIR. Aikin mai lissafi shi ne ya ƙidaya mutum nawa ke ƙaura daga wannan gida zuwa wancan kowane mako. Ga ƙyanda akan ƙara gida na huɗu, na yaran da suka kamu amma ba su fara yaɗawa ba, domin cutar tana ɗaukar kwana 10 zuwa 12 kafin zazzaɓi ya bayyana. Yaro yana yaɗa ta daga kwana huɗu kafin ƙuraje su fito har kwana huɗu bayansu, wato ya riga ya sa wa ƴan'uwansa kafin uwar ta gane abin da ke damunsa.

Lamba mafi muhimmanci ita ce R0: mutum nawa maras lafiya ɗaya zai sa wa cutar a garin da babu mai kariya. Ta ƙyanda akan sa ta tsakanin 12 da 18, shi ya sa take cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. Mu ɗauki 15. Idan mutum 10 cikin 100 ne kawai ba su da kariya, sai a ninka 15 da kashi goma cikin ɗari, a samu 1.5. Muddin lambar ta haura 1, cuta na ƙaruwa. Tsakanin mai cutar da wanda ya kama daga wurinsa kimanin mako biyu ne, don haka yara 20 za su zama sababbin kamu 30, sannan 45, sannan 68, sannan kusan 100 cikin wata biyu. Kafin lambar ta sauka ƙasa da 1 sai marasa kariya sun gaza 7 cikin 100. Daga nan aka samo mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na kashi 95 cikin ɗari da allura biyu.

Amsar tambayarki ta biyu tana nan. A ce an haifi jarirai 1000 a yankin asibitinku bana, 800 suka samu allurar wata tara. Allura ɗaya a wannan wata tana kare kusan 85 cikin 100, wato yara 680. Saura 320 babu kariya. Baɗi a ƙara wasu 320, baɗin baɗaɗa haka, cikin shekara uku sun kai 960. A takarda kashi 80 abin yabo ne, amma ƙasa ana tara busasshiyar ciyawa da ke jiran wuta. Wannan ne amfanin allura ta biyu, kuma ni a ganina ƙidayar yaran da suka tsallake allura ta fi kowace lamba daraja a wurin ma'aikacin lafiya.

Batun rani kuwa, an bincike shi a ƙasarmu. A 2011 Nita Bharti da abokan aikinta suka buga bincike a mujallar Science, inda suka auna hasken dare ta tauraron ɗan'adam a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Sun ga haske na ƙaruwa da rani, lokacin da ƴan cin rani ke shigowa birni bayan girbi, kuma yaɗuwar ƙyanda na tashi tare da shi, ta lafa idan damina ta mayar da mutane gona. Ke nan cunkoso ne ke ɗaga yawan mutanen da maras lafiya ɗaya ke sa wa cutar. Wani binciken na 2008 kan alƙaluman Yamai ya nuna cewa wannan hawa da sauka mai ƙarfi, haɗe da yawan haihuwa, yana sa annobar ta zo ba a kan tsari ba: shekaru shiru, sai babba ta faɗo. Saboda haka lissafi ya fi iya faɗin watan haɗari da girman haɗarin, fiye da faɗin shekarar da annobar za ta ɓarke.

Inda lissafin ke kuskure, yawanci daga alƙaluman da aka ba shi ne. Yaran da aka yi jinya a gida ba sa shiga rajista, sai annobar ta zama ƙarama a takarda. Yawan jama'a ma hasashe ne daga ƙidayar 2012, shi ya sa wani yanki kan nuna allura ta wuce kashi 100, abin da ba zai yiwu ba. Sannan tsarin mai sauƙi yana ɗauka kowa na cuɗanya da kowa daidai, alhali unguwa ɗaya ko rugar makiyaya na iya zama babu allura ko da jaha gaba ɗaya ta yi kyau. Zirga-zirga ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina kuma tana dawo da cutar bayan ta mutu a gari.

Abin da zai gyara wannan yana hannunku. A rubuta ranar da ƙuraje suka fito, domin da ita ake lissafi, ranar zuwa asibiti ba ta wadatar ba. A sa shekarun yaro da watanninsa, unguwarsu ko ƙauyensu, da allura nawa katinsa ya nuna. A aika rahoton mako a kan lokaci, har da makon da ba a samu ko mutum ɗaya ba, domin jinkirin mako biyu daidai yake da ƙyale cutar ta ƙara zagaye ɗaya na yaɗuwa kafin a fara rigakafin gaggawa.