Obudu ko Mambila? Amsoshin tambayoyinku kan kai iyali yawon duwatsu

Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, saƙonnin wannan makon kuwa kusan duk a kan tafiya da iyali suke. Na ɗauki huɗu daga ciki.

Tambaya: Maigida ya yi alkawarin kai mu mu ga daji da duwatsu a watan Disamba, ya ce in zaɓa tsakanin Obudu da Mambila. Yaranmu uku, babbar shekararta 11, auta 4. Surukata ma za ta bi mu, ga ta da ciwon gwiwa. Wanne zan ce? (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, ki ce Obudu. Ba don ta fi Mambila kyau ba, ni a ganina ma ba ta fi ta ba. Dalilina shi ne auta da gwiwar Mama.

Wurin shaƙatawa na Obudu yana ƙaramar hukumar Obanliku a jihar Kuros Riba, kusa da iyakar Kamaru, a tsayin kusan mita 1,600. Da gidan gonar shanu aka fara shi a 1951, shi ya sa har yau mutanen wurin ranc suke ce masa. Amfaninsa gare ku shi ne komai a haɗe yake a saman dutsen: masauki, wuraren hangen kwari, ƙoramu, da kurmin Becheve mai gadar igiya da aka rataya tsakanin itatuwa. Mota za ta kai Mama kusan bakin yawancinsu. Ta shimfiɗa darduma ta zauna da fulas ɗin shayinta, ku kuma ku shiga kurmi da yara ku dawo ku same ta.

Mambila, wadda ke jihar Taraba, ba haka take ba. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe, daga nan ne ma hawan zai fara, kafin a kai Nguroje da Gembu. Abubuwan kallon kuma a warwatse suke. Gonar shayi tana Kakara, kurmin Ngel Nyaki yana wajen ƙauyen Yelwa kuma sai an taka da ƙafa, gandun dajin Gashaka Gumti kuwa kun baro ofishinsa tun a Serti. Wuri ne na mai kwana biyar ko mako guda da ƙafafu masu ƙwari. Inda Mambila ta yi zarra shi ne za ku ji kamar kuna gida: ana jin Hausa da Fulatanci, ga masallatai, ga naman da ba sai kin tsaya tambayar wanda ya yanka ba. A Obudu kuwa ki yi guzuri. Dambun nama, kilishi, garin kunu, soyayyen miya a roba, duk za ki gode wa kanki.

Abu biyu kafin maigida ya biya kuɗin ɗaki. Na farko, motar igiyar nan da ake nunawa a hotuna, wadda aka kafa a 2005 zamanin gwamna Donald Duke, mai tafiyar kimanin kilomita 4 daga gindin dutse zuwa samansa, ta sha tsayawa na tsawon lokaci. Ya kira ya tambaya ko tana aiki a makon da za ku je, kada ku yi wa yara alkawarin abin da za su tarar a rufe. Na biyu, Disamba lokacin cunkoso ne, kuma hazon hunturu yakan rufe hangen nesa. Da zaɓi a hannuna yake, da ƙarshen Oktoba ko Nuwamba zan ce, lokacin da ruwa ya ja baya, ciyawa tana nan shar, sama kuma garau. Amma na san makaranta ba ta ba da wannan damar, don haka ku kama ɗaki da wuri.

Tambaya: Ƙaramar mota gare ni, Corolla. Abokina ya ce sai na yi hayar jif kafin in hau Obudu. Gaskiya ne? (Wani magidanci daga Kano)

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka. Hanyar da ke hawa dutsen kwalta ce, kusan kilomita 11, mai lanƙwasa kamar macijin da aka taka, kuma ƙananan motoci suna hawanta kullum. Rabin kuɗin hayar nan kai wa bakanike ya duba birki, lagireto da tayoyi, har da safaya.

Hawan ma ba shi ne abin tsoro ba, saukowa ce. Mu 'yan fili mun saba ɗora ƙafa a kan birki, a gangare mai tsawo kuwa birki zafi yake yi har ya daina kamawa. Sa mota a giya ta ɗaya ko ta biyu, bar inji ya riƙe ta. In ka ji warin ƙauri, nemi gefe ka tsaya ta huce. Kada ka hau ko ka sauko da dare, domin hazo yakan sauko ya rufe hanya har ka kasa ganin abin da ke gabanka.

Daga Kano kada ka ce za ka yanke tafiyar a yini ɗaya da yara a baya. Kwana a Abuja ko Lafiya, washegari da sassafe ka bi Makurdi, Gboko, Vandeikya, ka shiga garin Obudu. Cika tanki a can ka ciri kuɗi a hannu, don daga garin zuwa dutsen akwai sauran tafiyar sama da awa ɗaya. Halin da hanyar Binuwai take ciki kuwa, direbobin tasha za su faɗa maka na ranar, su ka tambaya kafin ka tashi.

Tambaya: Me ya kamata in saya wa yara na sawa? Na ga jaket masu tsada a intanet. (Wata malamar makaranta daga Zariya)

Amsa: 'Yar uwa, bar su a intanet ɗin. Sanyin duwatsun nan ba na ƙanƙara ba ne, sanyi ne mai laima da iska, ya fi cizo da asuba da bayan magariba. Rigar sanyi ta gwanjo, hula, safa mai kauri guda uku-uku, sun wadatar. Da rana in rana ta fito cire su za su yi.

Inda zan ce ki kashe kuɗi shi ne takalmi. Kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ba ya santsi, kuma su fara sa shi tun a gida kada ya yi musu kanta a hanya. Ni da silifa na shiga kurmi zuwana na farko, ina ganin ai 'yar tafiya ce. Na tsaya kallon wani tsuntsu, ashe a kan layin kwarkwasa nake. Kafin in ankara sun hau har gwiwa, na yi ta tsalle ina kakkaɓe wando, yarana suna dariya har da hawaye. Tun daga ranar, safa a kan ƙafar wando nake ja.

Ki haɗa da rigar ruwa mara nauyi, don laima ba ta jure iskar saman dutse, da tocila, da leda biyu-uku a mota saboda mai amai in an shiga kwana-kwana. Kada a cika musu ciki kafin hawa. Gidan sauro kuma don garuruwan da za ku kwana a hanya.

Tambaya: Ɗana ya dage sai ya ga goggon biri. Za mu gani a Obudu? (Wani uba daga Jos)

Amsa: Gaya masa gaskiya tun yanzu, da wuya ƙwarai. Goggon birin Kuros Riba ana ƙiyasta bai kai 300 ba a duniya gaba ɗaya, tsakanin Najeriya da Kamaru, kuma gudun mutane yake, har masu binciken da suka shekara a dajin sau da yawa sheƙarsa kawai suke gani. In birai yake so, akwai sansanin da ake kula da biran diril da cimfanzi a gindin dutsen Afi, cikin ƙaramar hukumar Boki. Ku ware masa yini guda cur, ku tafi a lokacin rani, kuma wannan hanyar ce, ba ta Obudu ba, ta cancanci kuɗin hayar babbar mota.