Da za a dawo da Belosirafta, zai kiwatu a gida?

Ɗan'uwa daga Marwa, ka ce ka ga fim an farfaɗo da Belosirafta, wani ƙaramin dinoso mai farauta (dinoso dabbobin zamanin da ne da suka ƙare), ta hanyar sarrafa ƙwayoyin halitta, kana tambayar halinsa da ko zai kiwatu.

Na fim ɗin an kumbura shi. Belosirafta na gaskiya bai fi talotalo ba, kilo 15 ko makamancin haka, tsawonsa kusan mita 2 amma rabi jela ce. Gashin tsuntsu gare shi. A hamadar Gobi ta Mongoliya ya rayu. Makaminsa ƙumba ce mai lanƙwasa kamar lauje a yatsa na biyu na kowace ƙafa, yana tafiya da ita a ɗage. A 1971 an tono ƙasusuwan wani, ƙumbarsa a wuyan dabbar da yake kokawa da ita, ƙasa ta binne su tare.

Dawo da shi kam ba ta taso ba. DNA, wato ƙwayar gadon halitta, mafi tsufa da aka samu shekararsa miliyan 2 ne, su kuwa dinoso sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce.

Halinsa? Tsuntsaye jikokin danginsa ne. Ni nan Garwa nakan tsaya in kalli zakaranmu ya tare ƙadangare, ya taka shi, ya fyaɗa da ƙasa. Ƙara masa haƙora da kilo goma, sannan ka sake shi cikin awakin Hajiya.