Amsar Goggo kan 'yan dubiya da robar cikin Yaya

Ɗiyata na ga saƙonki, wai ko rashin kunya ne ki fitar da 'yan dubiya in za a canja wa babanki ruwan wankin ƙoda, kuma ko ki bari a yi masa tofi a kan cikinsa yadda aka saba. To dubiya hakki ce, ba mai soke ta, amma ko a zamaninmu ai ba a zama wa mara lafiya in zai yi lalurarsa, ungozoma ma korar mutane take ba wanda ya ce ta yi raini.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona lokacin jinyar marigayi maigidana. A irin wannan wankin, tantanin da ya lulluɓe hanji shi ne rariyar, ana ɗura ruwa wajen lita 2 ta robar da aka sa a ciki, sukarin da ke cikin ruwan ya jawo datti da rarar ruwa, a zubar, sau 4 a rana. Duk buɗewar bakin robar nan ƙofa ce, ƙwayoyin cuta kuwa a hannu da hanci da yawu suke. Wata Juma'a ɗaki ya cika, fanka na ta juyi, ni kuma kunyar surukai ta hana ni magana, kwana biyu ruwan ya fito kamar na wankin shinkafa, ga ciwon ciki ga zazzaɓi.

An zuba magani cikin ledar ruwan har sati 3 ya lafa, amma likita ya ce kumburin da ƙwayoyin cutar suka jawo yana ɗaye fatar saman tantanin, sukarin sai ya zurare cikin jini da wuri bai ja komai ba, shi ya sa ƙafafunsa suka kumbura. In ya maimaita kuma tabo ke taruwa, tantanin yai kauri, hanji ya manne, ƙarshe sai injin wankin jini. A karo na uku aka cire masa robar.

Don haka ki shimfiɗa musu tabarma a falo, ki kawo ruwa, ki ce "Baba yana kimtsawa", minti 30 ne. Rufe taga, kashe fanka, sa takunkumi, wanke hannu da sabulu. Malam ya yi addu'arsa ya shafa masa a ka, cikin dai a bar shi rufe. In kika ga ruwan ya gurɓace ɗauki ledar ku tafi asibiti a ranar, kar ki jira gari ya waye. Wanda ya yi ƙorafi ki ce ni na sa ki, ya kira ni.