Amsa ga ƙanenmu da aka daina kira lokeshan tun da ya girma

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun da safe na ga tambayarka, amma sai yanzu da na tashi daga aiki na iya zama in ba ka amsa, domin abin ya taɓa ni sosai. Ka ce tun kana firamare kake fitowa a wani shiri mai dogon zango, yanzu shekararka 24, babu furodusan da ke ɗaga wayarka, a unguwa har gobe da sunan rol ɗinka ake kiranka, a gida kuma an matsa maka lamba ka koma ka nemi fim ko ta halin ƙaƙa, tunda a nan aka san ka. Kana tambaya ka koma ko ka haƙura. Na ga 'yan'uwa sun ce ka yi haƙuri, ɗaukaka ta Allah ce. Haka ne, babu ja. Sai dai wanda bai taɓa zama yaron da gari ya sani ba, sannan aka wayi gari garin ya juya masa baya, da wuya ya gane nauyin abin da kake ɗauke da shi.

A zauren nan babu wanda bai san Wesley Crusher ba, yaron nan mai basira a Star Trek, shirin talabijin na Amurka a kan tafiyar sararin samaniya. Mutumin da ya fito a rol ɗin nake so ka duba, wato Wil Wheaton. An haife shi a 1972 a Kalifoniya, ya yi suna da fim ɗin Stand by Me a 1986, sannan a 1987, yana ɗan shekara 15, aka fara nuna shi a cikin kumbon Enterprise a Star Trek: The Next Generation. Ka ga yaro ya samu abin da manya ke mafarki. To amma me ya biyo baya? Manyan mutane masu gemu suka tsani rol ɗin, wai yaron ya cika iyayi, kullum shi ke ceto kumbo alhali ga ƙwararrun injiniyoyi a tsaye. Marubuta ne suka rubuta hakan, amma yaron aka riƙa zagi. Tun intanet tana jaririya aka buɗe wani dandali wanda sunansa kaɗai fatan mutuwa ne ga Wesley. Akwai wani sin da Kyaftin Picard, shugaban kumbon, ya daka masa tsawa ya ce ya rufe baki. Shekaru kusan talatin bayan haka mutane na ci gaba da jefa masa wannan kalma, har sai da ya fito ya roƙi jama'a su daina. Idan ana kiranka da sunan rol a bakin titi ana dariya, ka san akwai wanda ya sha irin wannan daga duniya baki ɗaya.

Ni ma na sha nawa daidai gwargwado. Wajen ƙarshen shekarun 1990 na yi wani shirin yara a wani gidan talabijin, ni ne yaron nan mai ƙere-ƙere, mai haɗa mota da gwangwanin madara da batir da wayar rediyo. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kai ni. Mahaifina ya rasu a lokacin, kuma a gidan kawun muke zaune. Ban taɓa cewa ina so ba, ba a kuma taɓa tambayata ba. Ranar Asabar da sassafe, lokacin da sa'o'ina ke tafiya ƙwallo, shi kuma yana ɗora ni a bayan babur. Idan na manta layi a gaban kyamara ba darakta nake tsoro ba, idon kawu nake tsoro, don yana tsaye can bayan fitila ya harɗe hannu, na kuma san abin da zan tarar a gida. Idan aka tashi, a gabana ake miƙa masa ambulan mai ruwan ƙasa. Ya ninke shi biyu ya tura a aljihun gaban riga, ya saya mini tsire da lemon kwalba a hanya, ya ce sauran yana tara mini ne saboda karatu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wane yaro ne ba zai yarda da kawunsa ba?

Da muryata ta fara buɗewa, wata Asabar na isa wurin ɗauka na tarar da wani yaro sanye da rigata, har da tabarau ɗin roba da nake maƙalawa. Babu wanda ya kira ni gefe ya yi mini bayani. Mai kwalliya ce kawai ta ce, "Au, ba a gaya maka ba?" Wannan ya yi ciwo, amma na shanye. Wanda ban shanye ba har yau shi ne ranar kuɗin WAEC. Ana saura kwanaki kaɗan a rufe rajista, mahaifiyata ta ce in je in tuna wa kawu ajiyata. Na same shi a zaure da baƙi, suna shan shayi. Na durƙusa na gaishe su, na matsa kusa da shi na yi maganar a hankali don kada kowa ya ji. Shi kuwa ya ɗaga murya. Ya ce kuɗin me? Ya ce tuwon da na ci a gidansa shekara da shekaru kyauta ne? Ya ce rigar da ke jikina daga sama ta faɗo? Sannan ya juya ga baƙin yana dariya ya ce, "Kun ga ɗan talabijin, ya zo karɓar albashi." Wasu suka yi dariyar, wani dattijo a cikinsu ya sunkuyar da kai. Ina durƙushe a kan tabarma, kunnuwana sun yi zafi, na rasa yadda zan miƙe. Wallahi har yanzu idan na ji ƙarar cokali a kofin shayi a cikin taron maza sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata ta sayar da 'yan kunnenta da tukwanen aurenta ta biya. Shi kuwa a shekarar ya ƙara aure, ya sake rufin ɗakinsa da sabon kwano. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau idan ana hira a gidan biki yakan ce shi ya yi ni, ba don shi ba da babu wanda ya san ni. Bai taɓa cewa in yafe masa ba, ko da wasa. Kuma dangi duk sun sani, amma ni ake cewa in bar tone-tone.

Shi ya sa ranar da na karanta abin da Wheaton ya faɗa game da gidansu na zauna na yi kuka. A 2021 ya fito fili ya ce shi bai taɓa son zama ɗan wasa ba, mahaifiyarsa ce ta tilasta masa, mahaifinsa kuma ya riƙa muzguna masa. A 2023, lokacin yajin aikin 'yan wasan Amurka, ya ce iyayensa sun cinye kusan duk abin da ya samu yana yaro, kuma kuɗin da ake biyan ɗan wasa duk lokacin da aka maimaita nuna shiri su ne suka riƙe shi shekaru masu yawa. Ka lura, wannan a ƙasar da ke da doka a kan lamarin ke nan. Tun 1938 Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a 1921, ya maka mahaifiyarsa da mijinta a kotu saboda sun cinye miliyoyin dalolin da ya samu, abin da ya tsira da shi bai wuce dala dubu 126 ba. A kan haka Kalifoniya ta yi doka a 1939, wadda a yanzu ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin yaro a wani asusu da ba a taɓawa sai ya girma. Mu kuwa ambulan ne kawai daga hannu zuwa aljihu, babu takarda, babu shaida, kuma a maimaita shirin sau nawa ne ma ba ka da ko sisi.

Ban ce ka yi yadda Wheaton ya yi ba, don shi ya yanke hulɗa da iyayensa gaba ɗaya. Ni ban iya ba, addinina ma bai ba ni wannan ba. Ina gaida kawu da Sallah, na je duba shi da ya kwanta asibiti. Amma zumunci daban, bashi daban. Ba a bin ka bashin ƙuruciyarka. Idan 'yan gida na cewa ka koma fim, ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka: da babu mai matsa mini, zan nufi lokeshan da ƙafata? Wheaton ya bar Star Trek a 1990 yana ɗan shekara 18, ya bar Los Anjalis ya tafi Topeka a jihar Kansas, ya kama aiki a kamfanin NewTek masu haɗa na'urar tace bidiyo. Daga baya ya dawo ya shiga makarantar koyon wasa, mutumin da duniya ta riga ta sani ya koma ɗalibi. Kuma dawowar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya yi ta zuwa gwaji ana mayar da shi. Fim ɗin Star Trek na 2002 ma an ɗauke shi, aka zo wajen tacewa aka yanke maganganunsa, sai dai ka hango shi zaune a wurin biki.

Abin da ya tashe shi rubutu ne. A 2001 ya fara rubuta halin da yake ciki a shafinsa na intanet ba tare da ɓoye-ɓoye ba, daga nan littattafai suka fito. Ya shiga ɗora murya a zane-zanen yara da wasannin kwamfuta, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu karanta littafi a naɗa. Daga 2009 ya riƙa fitowa a The Big Bang Theory da sunansa na gaskiya, a 2012 ya buɗe shirinsa na wasannin tebur, TableTop. Sai a 2022 ya sake fitowa a matsayin Wesley a Star Trek: Picard, yana dab da shekara hamsin, kuma a wannan karon da yardarsa. Ni ma murya ce ta rufa mini asiri. Muryar da ta sa aka cire ni ita nake ci da ita yau, ina ɗora ta a tallace-tallacen rediyo da fassarar finafinai, ina kuma tace sauti. Ka koyi wani abu na bayan kyamara, ƙanena. Edita da mai sauti da mai haske ba a ce musu sun girma.

Kada kuma ka ce fita daga rol ɗin yara ba ya yiwuwa. Bill Mumy yana ɗan shekara 11 ya fara rol ɗin Will Robinson a shirin Lost in Space a 1965, shirin ya ƙare a 1968, ya riƙe kiɗa da rubutu, sannan a 1994 ya dawo da ƙarfinsa a Babylon 5. Amma ina roƙonka ka tuna da Jonathan Brandis na shirin seaQuest, wanda 'yan mata suka yi ta lika hotonsa a bango daga 1993, ya kashe kansa a 2003 yana ɗan shekara 27. Na kawo shi ne saboda wata magana da ka saka a ƙarshen tambayarka, inda ka ce wani lokaci sai ka kwana biyu ba ka fito daga ɗaki ba. Wannan ta fi tayar mini da hankali a kan duk maganar fim. Wheaton ya tsaya a gaban taro a Ohayo a 2018 ya ce yana fama da ciwon damuwa da fargaba, yana kuma karɓar magani, bai ji kunya ba. Ka yi addu'a, ka riƙe sallarka, sannan ka je ka ga likitan da ya san wannan fanni. Ka samu mutum ɗaya da za ka gaya wa komai. Ni matata ce ta fara jin labarin abin da ya faru a zauren kawu daga bakina, bayan shekaru ina haɗiye shi.

Idan ka yanke shawarar komawa, kada ka je kana tuna musu da wane ne kai a da, sun sani, kuma yaron suke tunawa, yaron kuwa babu shi. Ka ɗauki sabon bidiyo na minti biyu ko uku da fuskarka ta yanzu da muryarka ta yanzu ka tura. Ka karɓi ƙaramin rol idan mai kyau ne. Kada ka yarda da "za mu sallame ka daga baya". A rubuta, ko da a saƙon waya ne, kuma kuɗin ya shiga asusunka kai tsaye, ba ta hannun yaya ko kawu ba. Masu kiranka da sunan rol kuwa, ka amsa wa wanda ya kira da ƙauna, wanda ya kira da izgili ka gaya masa sunanka na yanka sau ɗaya ka wuce.

Hajiyar da ta rubuto a ƙasan tambayar cewa ana neman 'yarta mai shekara tara a wani shiri, don Allah Hajiya ki tambayi yarinyar ita kaɗai, ba a gaban mai shirin ba. Ki je lokeshan ɗin da kanki, kada ki wakilta kowa. Ki buɗe mata asusu da sunanta tun daga biyan farko, ki ajiye takardun. Kuma ranar da ta ce ta gaji, ki ɗauko ta ku dawo gida ko ana tsakiyar ɗauka.

Kai kuma ƙanena, ba ka faɗa mana ko ka ƙarasa karatu ba, da kuma garin da kake. Ka turo mini ta akwatin sirri. Idan muna kusa ka zo situdiyo ranar Asabar in nuna maka yadda ake tace murya, in kuma ba ma kusa zan haɗa ka da wanda na yarda da shi a garinku.