Lissafin IB: amsa ga ɗan ƙanwata da ke shirin zuwa Turai

Assalamu alaikum, ɗana. Na ga saƙonka. Ka ce makarantar kwanan da ta ba ka gurbi tsarin IB take bi, wato International Baccalaureate, karatun shekara biyu na share fagen shiga jami'a, an turo maka fom ka zaɓi darussa shida, uku a babban mataki wato HL, uku a matsakaici wato SL, sai ka tsaya cak a kan lissafi. Abokanka na cewa ka ɗauki SL don makinka ya yi kyau, kai kuma injiniyan lantarki kake son zama.

In har injiniya ce a ranka, HL za ka ɗauka, kuma a ɓangaren AA.

Tun 2019 lissafin IB ya rabu gida biyu. AA shi ne na aljebra da kalkulas da kafa hujja, AI kuma ya fi karkata ga ƙididdiga da warware matsalolin yau da kullum da kalkuleta. Kowanne yana da SL da HL, ka ga huɗu ke nan. SL awa 150 ake koyarwa cikin shekara biyu, HL awa 240. Ɗan SL takarda biyu yake rubutawa a jarrabawa, ɗan HL uku, kuma ta ukun nan ce mai kai yara ƙasa: tambayoyi biyu ne kacal, dogaye, a ja ka taki-taki zuwa wurin da ba ka taɓa takawa a aji ba. Hadda ba ta ceton kowa a nan. Takardar farko ta AA kuwa ko kalkuleta ba a shiga da ita.

A1 ɗin da ka ci a WAEC abin alfahari ne, amma kada ya ruɗe ka. Da a ce ka yi Further Maths da na fi samun natsuwa, don shi ya fi kusa da abin da za ka tarar. Tunda ba ka yi ba, watannin farko za ka sha wuya.

Abin da ya sa nake matsa maka, a gidana abin ya faru. Yayarka ta ɗauki SL bisa shawarar ƙawaye, ni ma na sa hannu a fom ɗin ban bincika ba, ina ganin lissafi ai lissafi ne. Ta ci 6 cikin 7, muka yi murna har da walima. Da aka zo neman jami'a muka zauna a teburin kicin da kwamfuta, tana buɗe shafukan sassan injiniya ɗaya bayan ɗaya, tana rufewa ba ta ce uffan ba. Ashe a nan Jamus, tun daga jarrabawar 2021, mai lissafin SL ba ya shiga fannin lissafi, kimiyya ko injiniya kai tsaye, in ban da 'yan wasu makarantu da aka yi wa sassauci. Dole ta koma nazarin kasuwanci. Tana jin daɗinsa yanzu, alhamdu lillahi, amma har gobe abin yana ci mini rai. A Ingila ma, Jami'ar Kambirij AA a matakin HL take nema ga mai son injiniya.

Abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Maki 45 ne ƙololuwar jimillar sakamakon IB gaba ɗaya, kuma HL na cin lokacin da za ka ba sauran darussa. Da lauya kake son zama, ko aikin jarida, da ni da kaina zan ce ka ɗauki SL ka huta. Sai dai saukowa daga HL zuwa SL a zangon farko yawanci magana ce tsakaninka da malami, hawa kuwa bayan an yi maka nisa sai an sha fama, wani lokaci ma a ƙi.

Akwai kuma rubutun bincike da kowa ke yi, SL da HL, mai kashi 20 cikin ɗari na makinka. Kai za ka zaɓi batun. Da ni ne, a kan inuwa da lokacin la'asar zan yi, don yadda lokutan salla ke sauyawa a nan tsakanin bazara da hunturu zai ba ka mamaki, kuma lissafin kusurwa ne zalla.

Kafin ka mayar da fom ɗin, ka zaɓi jami'o'i uku da kake buri, ka karanta sharuɗɗan shigarsu da idonka, ka turo mini mu duba tare ranar Asabar. Ka nemi littafin Further Maths na SS2 ka fara bi tun yanzu, ko awa ɗaya bayan asuba. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata kada ta sayi rigar sanyi a can, zan tanadar maka a nan.

Kawunka.