Farin gari a jikin amfilifaya

Tambaya: Malam, ina zaune a gari mai laima kusa da teku. Farin gari ya fito a jikin amfilifayata ta alminiyam, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, musamman gefen sukurori, kuma lasifika ta fara wani gurnani. Ba an ce alminiyam ba ya tsatsa ba?

Amsa: Ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana ciwuwa. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata fata siririya da ke kare shi. Gishirin iskar teku da na gumin hannu ne ke huda fatar, su bar ƙananan ramuka da wannan farin garin. Abin yana tsananta idan laima ta haura kashi 70 cikin ɗari. Ya fi yawa gefen sukurori ne saboda ƙarfe biyu mabambanta sun haɗu, danshi ya shiga tsakani, suka zama kamar batir, alminiyam kuwa shi ke narkewa.

Gurnanin ma galibi daga nan yake. Farin garin ba ya wuce da lantarki, don haka wayar ƙasa, wato wayar "earth" da aka ɗaure a jikin akwatin, ta daina kamawa sosai.

Ka cire filogi tukuna, kada kuma ka taɓa manyan kafasitoci, wato abubuwan nan masu kama da ƙananan gwangwanaye a cikin akwatin, suna riƙe wuta bayan an kashe. Kwance sukurun wayar ƙasa, ka goge gurbinsa da samfefa mai laushi har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka sa washa mai haƙora, ka ɗaure tam, sannan ka shafa basilin kaɗan a kai. Sauran jiki kuwa burushin haƙori da sifirit na isofurofil mai kashi 90 sun isa. Fuskar gaba ba ta son samfefa, rufin da masana'anta ta yi mata bai wuce maikuron 25 ba (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), in ya tafi ya tafi. Ka guji soson ƙarfe, ɓurɓushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa. Bilic da sodar yin sabulu kuwa cin alminiyam suke yi.

Tambaya: In rufe kayan da leda?

Amsa: A'a, leda tana kulle danshi a ciki. Yi amfani da kyallen auduga. In ajiya za ka yi, sa su a akwati mai rufuwa ruf tare da ƙunshin silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, laima ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Idan ka fito da kaya daga ɗaki mai sanyi zuwa zafi, jira awa ɗaya ko biyu raɓa ta bushe kafin ka kunna.