Tambaya da Amsa: Ina son ƙwarewa a jinyar damuwa ta hanyar labari, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni malama ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata, yau shekara shida. Kwanaki a wajen wani taron bita na ji an ambaci wata hanya da ake kira naretif terafi, wai da labarin mutum ake taimakonsa. Mece ce ainihinta, ina ake koyonta, kuma bitar kwana uku ta isa in fara aiki da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar yaran nan. Bari in fara da ta ƙarshen: bitar kwana uku za ta buɗe miki ido, amma ba za ta mayar da ke gwana ba. Wannan sana'a ce ta iya tambaya, kuma sai da maimaici a gaban wanda ya fi ki sani take zama.

Mutum biyu ne suka kafa hanyar a shekarun 1980: Michael White, ma'aikacin jin daɗin jama'a a birnin Adelaide na Ostareliya, da David Epston na ƙasar Niyu Zilan. A 1990 littafinsu na haɗin gwiwa ya yaɗa ta a duniya. Tushen maganarsu shi ne mutum daban, matsala daban. Wanda ya daɗe cikin damuwa yakan naɗe rayuwarsa kaf cikin labari guda: "ni ba ni da sa'a", "ni ba ni da amfani". Duk abin da bai dace da labarin ba sai ya faɗi ƙasa, ba a ƙirga shi. Aikinki shi ne ki taya shi tsinto waɗannan abubuwan.

A ce yarinya 'yar aji biyar ta shigo ofishinki, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen hijabi, ta ce, "Malama, ni daƙiƙiya ce." Abin da bakinmu ya saba shi ne, "Haba, daina faɗin haka, ki dage da karatu da addu'a." Magana ce mai kyau, amma ta rufe ƙofa. Mai wannan horo cewa za ta yi, "'Yata, abin nan da ke zo miki ranar jarrabawa, wane suna za mu sa masa?" Sai ta ce, "Fargaba." To, an samu bakin zare. "Yaushe Fargaba ta fi samun ki? Me take raɗa miki game da kanki? Me ta raba ki da shi? Kin yarda da wannan matsayi da ta ɗauka a rayuwarki?" Daga nan sai ki nemi ranar da Fargaba ta zo amma ba ta yi galaba ba. Wataƙila ta ce, "Ranar saukarmu a Islamiyya na yi karatu a gaban jama'a, muryata na rawa, amma na kai aya." Kada ki yi saurin yabo ki wuce. Ki tsaya nan. Yaya aka yi ta miƙe? Me ta faɗa wa kanta? Wa ya san ta da wannan hali tun tana ƙarama, wanda ba zai yi mamaki ba? Idan ta ce kakarta, ko da ta rasu, ki tambaye ta me kakar ta gani a tare da ita. Kin ga ba ki ba ta shawara ko ɗaya ba, amma ta fita da labari na biyu wanda nata ne, ba naki ba.

Abin da ya fi ba mutanenmu wuya ke nan. Mun tashi cikin al'adar nasiha, babba ya faɗa, yaro ya ce to. Ni kaina a farkon koyona, da mai duba aikina ta sa na saurari zaman da na naɗa, na tarar na fi wanda ya zo wurina yawan magana. Sai da na yi watanni kafin na iya riƙe bakina.

Horo na gaskiya yakan ƙunshi raba mutum da matsalarsa ta hanyar lafazi, da gano lokutan da matsalar ta kasa, da dawo da mutanen kirki cikin labarin, da gayyato shaidu su saurara su faɗi abin da ya taɓa su, da rubuta wa mutum wasiƙa bayan zama da kalmominsa, wadda Epston ya shahara da ita. Cibiyar Dulwich Centre da ke Adelaide, inda White ya yi aiki, tana da darussan share fage kyauta a intanet, da kwasa-kwasai masu tsawo, ta kuma gudanar da digiri na biyu tare da Jami'ar Melbourne. Ki fara da na kyautar. Littafin White na 2007, Maps of Narrative Practice, wanda ya fito shekara ɗaya kafin rasuwarsa, yana ɗauke da hirarraki na zahiri da za ki bi tambaya bayan tambaya. Duk kwas ɗin da za ki biya wa kuɗi, ki tambaya: a ina mai koyarwar ya yi nasa horon? Za a sa ni gwaji a aji? Akwai mai bibiyar aikina bayan an tashi? Idan babu na ƙarshen, takarda kawai za ki saya.

Tunda da yara kike aiki, ki nemi dabarar Bishiyar Rayuwa. Ncazelo Ncube, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Zimbabuwe, ita ta tsara ta tare da David Denborough na cibiyar Dulwich wajen 2006, domin yaran da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu. Kowace yarinya ta zana bishiya: saiwa asalinta, gangar jiki abin da ta iya, rassa burinta, ganye mutanen da take ji da su, 'ya'ya kuma alherin da aka yi mata. Sai a jera zanen a bango ya zama kurmi, sannan a yi maganar guguwar da ke faɗa wa bishiyoyi. Takarda da fensir kawai take buƙata, kuma ba a tilasta wa kowa tono ciwonsa.

Sai ki kula da abu uku. A wurinmu, idan kika yi ta ambaton matsala kamar wata halitta mai zuwa da tafiya, yarinya ko iyayenta na iya ɗauka iska ko sammu kike nufi. Ki bayyana tun farko cewa salon magana ne. Na biyu, ba a amfani da wannan salo a wanke mai cutar da wani. Wanda ya doki matarsa ba za a ce "Fushi ne ya sa shi" a tashi ba, alhakin yana wuyansa. Na uku, kada ki rikita ta da wata hanya mai kama da suna da masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara domin waɗanda suka ga yaƙi ko azaba, wadda ake shimfiɗa igiya a jera duwatsu da furanni a kai. Waccan horonta daban ne.

Gaskiya kuma, binciken da aka yi a kan wannan hanya bai kai yawan na wata fitacciyar hanyar jinya da ake kira gyaran tunani da ɗabi'a ba, don haka ki ɗauke ta a matsayin ƙari a kan abin da kika sani. Yarinyar da ke maganar kashe kanta, ko take jin muryoyi, ko ta daina ci da barci, ki sanar da iyayenta a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar.

Kafin ki samu kwas, ki nemi abokiyar aiki ɗaya ku riƙa zama minti talatin duk mako. Ɗaya ta kawo ƙaramar damuwa ta gaske, ɗaya ta yi tambaya kawai, ba shawara, ba "ki yi haƙuri". Ku naɗa a waya, ku saurara tare, ku ƙirga sau nawa aka zame zuwa nasiha, sannan ku yi musaya a mako na gaba.